Turancin ciniki: a daina jefa mutane guruf ɗaya a ce an buɗe makaranta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana akan yanda ake koya ma 'yan kasuwarmu yaren ciniki a nan Bauchi, Turanci ne ko Faransanci ko Larabci ko ma Sinanci da yanzu matasa suka fara nema. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a cikin gari, da dare kuma ina zama da wasu 'yan kasuwa na Wunti da Muda Lawal muna ɗan taɓa karatu, toh abunda zan faɗa daga wajensu na ɗauko shi.

Hanya biyu ake bi yanzu. Ko dai wata ƙungiya ta kama ɗakin taro a otal ta tara mutane kwana uku, a kunna furojekta a ci shinkafa da kaza a raba satifiket da kuɗin mota, ko kuma wani yaro ya buga talla a Facebook wai koyi Turancin kasuwanci cikin sati biyu, ka tura masa 'yan kuɗi ya jefa ka guruf na WhatsApp. Masu bitar otal suna raina masu waya, masu waya suna cewa zamanin aji ya wuce, ni kuwa gardamar ma dariya take bani sabida aikin da aji yake yi waya bazata iya ba, wanda waya take yi aji bazai iya ba, rediyo ma yana da nashi. Mai haɗa su ya ba kowanne aikinsa muka rasa.

Nasan wani zai ce kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja basu san ko A ba. Haka ne, amma su ido da ido suke ciniki, a taɓa kaya a taya a ce albarka a ƙara a sallama. Yau riɗi da soborodo da ake lodi daga kasuwannin ƙauyukanmu da Tudun Hatsi a Gombe da yawansu ba a ƙasar nan zasu tsaya ba, Legas zasu je a zuba a kwantena, riɗin ya nufi irin su China da Japan da Turkiyya, soborodon ya nufi Meziko. Wanda ya noma da wanda ya tara a sito ɗan abunda ya samu suke samu, wanda ya iya karanta takardar yarjejeniya ya amsa imel shi ke kwasar romon. Ta ɓangaren shigo da kaya ma, tunda aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi tashin gwauron zabo, da yawa cikin masu zuwa Dubai da Guangzhou da ƙafarsu sun rage tafiya sai oda ta waya. In ka je da kanka ko baka jin yare zaka nuna da yatsa ka danna kalkuleta a gane ka, ta waya kuwa babu yatsa, daga rubutu sai murya.

Wani bawan Allah mai saida fitilun sola ya taɓa kawo min takardar farashi da aka turo masa daga China yana ta murna ya samu araha, har ya gama lissafa ribarsa a bayan wani kwali. A gefen farashin an rubuta FOB, shi ya ɗauka lambar kaya ce. Nace masa Alhaji, haruffan nan uku suna nufin da zarar sun ɗora kayan a jirgin ruwa a tashar ƙasarsu sun gama nasu, kuɗin jirgi da inshora har Legas naka ne, balle kwastan da ejan da motar da zata kawo Bauchi. Da CIF suka rubuta toh sun ɗauki jirgi da inshora har tashar Legas, kwastan dai yana wuyanka. Ya yi shiru, ya sake danna kalkuleta, ya ɗago yace Malam ashe ni zan yi musu dako. Irin waɗannan ƙa'idoji guda 11 ne a tsarin da ake kira Incoterms wanda aka sabunta a 2020, kuma babu inda ake koyar dasu a manhajar Turancin sakandare da nake koyarwa da rana. Mutumin nan fa ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, kuma ya gama sakandare.

Shi yasa nake cewa Turancin WAEC daban na ciniki daban. Ɗan kasuwa baya buƙatar insha'i akan yanda ya yi hutun ƙarshen shekara. So yake in Inyamurin da yake saro ma kayan gyaran mashin a Nnewi ya kira shi yana zuba da sauri ya gane lambar da aka faɗa, in banki suka miƙo masa takardun Form M, wato fom ɗin da ake cikawa kafin a shigo da kaya daga waje, ya san inda zai sa hannu da abunda ya sa ma hannun, ya iya rubuta layi uku ya ce kayan da suka iso ba irin sampul ɗin da aka nuna masa bane ba tare da ya yi zagi ko ya yi roƙo ba. Kunne ne da baki da ido da hannu, kuma kowanne da hanyar da ta fi dacewa a horar dashi.

Bitar otal ba wai bata da amfani kwata kwata bane, ko ba komai mutane sun ga juna sun ga malami. Matsalarta tarawa. Ka ɗauki mutumin da rabonsa da aji shekaru, ka zaunar dashi daga safe zuwa la'asar kana ɗura masa, wayarsa tana ta ƙara yaron shago yana tambayar nawa zai sallama. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada ya nuna cewa mafi yawan abunda mutum zai manta daga sabon karatu a awannin farko da ranar farko yake zubewa, kuma maimaitawa kaɗan kaɗan da tazara ta fi ɗurawa lokaci guda. Toh bita ta ƙare ran Alhamis, ran Litinin ba mai tambayarka komai, bayan wata ɗaya abunda ya rage shine jaka mai tambarin ƙungiya da hoton da aka ɗauka a bakin otal.

Shi kuwa guruf, wayyo. Satin farko kowa da zafinsa, malam yana turo darasi ana ta godiya. Sati na biyu an fara barka da Juma'a, wani ya turo tallan fili a Gwallameji, wani ya turo bidiyon siyasa, darasin ya nutse a ƙarƙashin saƙo ɗari biyu. Amma ba wannan ne ya fi kashe shi ba, kunya ce. Malamin guruf zai ce kowa ya turo saƙon murya yana gabatar da kansa da Turanci. Yanzu dan Allah Malam Edita, Alhajin da yake da shaguna uku da mata da surukai, shi zai yi ta in ina a gaban mutum ɗari da wani abu wanda cikinsu harda yaron shagonsa da ɗan maƙwabcinsa? Kuma ya san sarai za'a iya kwafe muryar a tura wani guruf ɗin a yi ta dariya. Bazai turo ba. Sai 'yan samari biyar da dama sun iya su yi ta zuba, sauran suna kallo kamar an kawo su biki, ƙarshe kowa ya sulale. Masu cewa a koma Zoom kuma ina ga basu taɓa zama a lungunan cikin kasuwa sun ga yanda netwok yake ba, ga wuta da sai ka biya mai caji, ga data da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince a ƙara ma kuɗinta har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Awa ɗaya na bidiyo kai tsaye sau uku a sati ba ƙaramin kuɗi bane ga mai tireda.

Abun mamakin shine haɗa hanyoyin karatu ba baƙonmu bane. Duk wanda ya yi karatun zaure ya sani. Ɗan kasuwa zai je bayan asuba ko bayan magariba da littafinsa, ya jira layi ya zo kansa, ya karanta malam ya fassara masa ya gyara masa baki, layi biyar ko shida kawai ba'a cika masa ciki. Yana zaune kuma yana sauraron karatun na gabansa da na bayansa. Ya tashi ya je shago, in ciniki ya lafa ya buɗe ya maimaita shi kaɗai, da yamma ya samu abokin karatu su yi muraja'a, da azumi ya kunna rediyo ya ji tafsiri ya tsinci abunda aka biya masa a bakin wani malamin. Ba wanda ya taɓa cewa tunda akwai tafsirin rediyo a rufe zaure, kuma ba wanda ya ce zaure ya isa ba sai an maimaita ba. Littafi ɗaya ne, malami ɗaya ne yake riƙe da zaren, sauran duk taimaka masa suke. Wannan tsarin nake so mu ɗauko.

Aji na ido da ido sau ɗaya a sati ya isa, awa ɗaya da rabi, bayan isha'i ko safiyar Juma'a kafin a buɗe shaguna, kuma a kusa da kasuwa ba sai mutum ya hau acaɓa biyu ba. Kar a wuce mutum goma sha biyu zuwa sha biyar, sannan a raba manya da yaran shago, wannan dole ne, in ka haɗa su ka kashe bakin manyan. Kuma kar malami ya ɓata lokacin ajin yana rubutu a allo ana kwafa, abunda za'a iya ji a waya a bar ma waya. Aji wajen buɗe baki ne. A zaunar da mutum biyu su juya ma juna baya kamar waya suke, ɗaya mai kamfani ɗaya mai saye, a ce kaya sun makara sati uku kuma an riga an bada kafin alƙalami, toh ku yi magana. Nan zaka ga abun dariya da abun tausayi, mutumin da in da Hausa ne zai ɗaure ka da jijiyarka a ciniki sai gashi yana gumi akan jimla ɗaya. Nan ne kuma malami zai ji da kunnensa cewa Alhaji baya bambance sha uku da talatin ko sha biyar da hamsin in an faɗe su da Turanci da sauri, wanda a ciniki wannan kaɗai ya isa ya karya mutum, sai a tsaya a kansa har ya zauna. A guruf wa zai gano wannan? Kowa kuma ya riƙa zuwa da takardunsa na gaske, rasit ne, inbois ne, saƙon da aka turo masa ne, a rufe sunan kamfani da farashi in yana gudun abokan hamayya su gani, a karanta tare.

Waya kuma aikinta tsakanin aji da aji, ta hana karatun yin sanyi. Guruf ɗin a kulle shi malami kaɗai ke turawa, kullum saƙon murya ɗaya da bai wuce minti biyu ba, jimla uku ko huɗu daga abunda aka yi a aji, a faɗa a hankali a sake faɗa da saurin da ake yi a waya, a yi bayani da Hausa. Saƙon murya baya cin data kamar bidiyo, in ya sauka ya sauka, mutum zai ji shi sau goma yana jiran kwastoma ko yana cikin mota hanyar Kano. Amsa kuwa kai tsaye ga malami shi kaɗai, ba mai ji sai shi. Wallahi mutanen da a aji sai ka yi da gaske suke buɗe baki, in ka basu wannan sirrin sai ka ga sun turo murya ƙarfe sha ɗaya na dare, wani ma ya goge ya sake ya goge ya sake. Sai dai fa aiki ne ga malamin, mutum goma sha biyar kowa da muryarsa kullum sai ka saurara ka mayar da gyara, shi yasa duk wanda ya ce maka yana koyar da mutum ɗari uku a waya shi kaɗai toh karatu yake watsawa ba koyarwa ba. Wani amfanin wayar kuma shine agajin gaggawa. China ta riga mu da awa bakwai, ƙarfe takwas na safe a Bauchi ƙarfe uku ne na yamma a Guangzhou, in saƙo ya shigo da safe baka amsa ba kafin azahar sun tashi aiki sai gobe. Ɗalibi ya rubuta amsarsa da kansa ya turo ma malami ya duba kafin ya aika. Da kansa nace, ba malami ya zama sakatarensa ba.

Sai rediyo, wanda 'yan zamani suke mantawa dashi alhali a kasuwannin Soro da Alkaleri da Darazo har yau shi ne sarki. Koyarwa ta rediyo ba sabuwa bace a wajenmu, masu shekaru zasu tuna shirin Don Makiyaya a Ruga na Rediyon Kaduna, sashen Hausa na rediyon Jamus da na China duk sun yi darussan koyon yarensu, sannan a 2020 da korona ta rufe makarantu jihohi da dama sun koma darasi ta rediyo da talabijin. Mu malamai mun ga abunda ya biyo baya da aka dawo aji, yaran da suke da wani a gida da yake zama dasu yana tambayarsu sun tsinci wani abu, waɗanda aka bari su da akwatin kawai kamar ba'a yi ba. Rediyo yana magana ne baya ji. Toh a bashi abunda ya iya, wato horar da kunne da jawo mutane. Minti goma sha biyar sau biyu a sati, ɗan wasan kwaikwayo na ciniki, a sa muryoyi kala kala sabida Turancin da ɗan kasuwarmu zai ci karo dashi ba na Ingila bane, na Onitsha ne da na Legas da na Ba'indiye da na ɗan China, kowanne da yanda yake tauna shi. A ƙarshen shirin a bada lambar da mutum zai yi rajistar aji mafi kusa dashi, a kuma yanka shirin a tura guruf dan wanda bai ji ba.

Takarda ma kar a raina ta. Ɗan ƙaramin littafi da zai shiga aljihun gaba, samfurin saƙonni da jimlolin waya da hoton takardun banki da na kwastan an yi kibiya an yi bayani, har da ajami a gefe ga wanda ya fi sakewa dashi, dan muna da manyan 'yan kasuwa da suke rubuta bashinsu da ajami har gobe. Batir baya ƙarewa a takarda.

Inda ake faɗuwa shine a samu duka huɗun amma kowanne ya kama gabansa, rediyo yana gaisuwa, guruf yana nahawu, aji yana wani abun daban. Wannan tarkace ne. In satin nan maganar neman ragi ake, toh ita za'a ji a rediyo ran Litinin, ita za'a turo a waya kullum, ita ce a shafin littafin, ita za'a yi wasanta a aji, sati mai zuwa a koma ƙorafin kaya, na gaba a koma biyan kuɗi. Mutum ya haɗu da jimla ɗaya ta kunne ta ido ta baki cikin kwana bakwai, dole ta zauna.

Kar a manta da mata. Yanzu gida nawa ne a Bauchi da Gombe babu Hajiyar da take saida atamfa ko turaren wuta ko kayan kicin a status? Da yawansu oda suke daga Legas, wasu har China ta hannun ejan, kuma su aka fi cuta sabida komai sai sun jira wani ya karanta musu. Bitar otal bata kaisu ba, guruf mai cakuɗe da maza kuma maigida bazai yarda ba, ita ma bazata saki murya a ciki ba. Amma in malama ce, guruf na mata zalla, haɗuwa sau ɗaya a sati a ajin Islamiyyar unguwa bayan an tashi, sauran a waya da rediyo tana cikin ɗakinta, ban ga mai hanawa ba. Su ma sun fi mazan naci, wannan kowane malami zai gaya maka.

Duk abunda na faɗa ya fi ƙarfi ma in aka zo sauran yaruka, sabida su malaman ne babu a kusa. Ƙauyen koyon Faransanci na ƙasa yana Badagry tun 1991, na Larabci an kafa shi a Ngala ta jihar Borno, cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci suna jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka da jami'ar Legas. Wane ɗan kasuwa ne zai rufe shago ya tafi Awka wata shida? Amma malami yana can zai iya turo murya ya duba amsa, a nan kuma a samu wanda ya ɗan yi gaba ya riƙe ajin sati. Duk shekara ana turo mana 'yan bautar ƙasa ta sansanin Wailo, cikinsu akwai waɗanda suka karanta Faransanci, ana kai su ofis suna zaman banza. Mu kuwa Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da Faransanci suke aikin hukuma. Mutumin Gombe zai shiga kasuwar Garwa ko Marwa da Fulatanci da Hausa ya yi cinikinsa lafiya lau, amma da an zo shingen jandarma ko takardar kwastan sai ya nemi ɗan kamasho. Larabci ma haka, ɗalibanmu na Islamiyya suna da tushe mai kyau, abunda ya rage a saba musu kunne da irin wanda ake yi a kasuwannin Alƙahira da Jidda, wanda wannan aikin murya ne zalla. Shi Sinanci ba sai mutum ya ƙware ba, lambobi da gaisuwa da kalmomin kaya da launi sun rage masa rabin wahala, sai a haɗa masa da yanda ake amfani da WeChat tunda WhatsApp a toshe yake a can.

Wasu matasa suna ce min Malam ai duk wannan ya wuce, waya tana fassara. Eh tana yi, Google Translate ya sa Hausa tun 2013 kuma ya ƙara kyau, ni kaina ina koya ma ɗalibaina amfani dashi, yanda zasu rubuta gajerun jimloli marasa karin magana dan kar ya kwaɓa, da yanda zasu juya fassarar baya su gani ko ma'anar ta tsaya. Amma takardar da miliyoyinka suke kwance a kai, in baka da ɗan abunda zaka gane cewa na'ura ta kauce toh kasada kake. Kuma in mutum ya kira ka yana faɗa akan kuɗinsa bazai jira ka buɗe manhaja ba.

Maganar kuɗi kuma, ni bana goyon bayan kyauta, balle a biya mutum dan ya zo koyo. Alawus ɗin nan shi ya lalata bita, sai ka ga sunayen da aka rubuta 'yan uwan shugabanni ne da basu da ko teburi a kasuwa. Ɗan kasuwa ya san darajar abunda ya biya, a sa kuɗi daidai gwargwado duk wata ta hannun ƙungiyar layinsu, a biya malami da kyau harda datarsa. A ƙarshen wata uku kuma kar a kawo jarabawar zaɓi A ko B. A miƙa masa waya wani da bai sani ba ya kira shi su yi ciniki, a bashi inbois mai kuskure a ciki ya nemo shi, ya rubuta saƙon ƙorafi a gaban mutane. In ya iya ya wuce mataki na gaba, in bai iya ba ya maimaita, ba faɗuwa bace.

Dan haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Wunti da Muda Lawal da babbar kasuwa, da takwarorinsu na Gombe da Azare, su zasu fara motsawa sabida su keda mutane da ofisoshin da za'a shimfiɗa tabarma. Malaman harsuna na ATBU da Tatari Ali da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar jihar Gombe su taimaka da tsara manhajar, amma dan Allah su fara shiga kasuwa su zauna a benci su ga takardun da mutane suke fama dasu kafin su rubuta komai. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i SMEDAN da hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, in akwai kuɗin da aka ware na horaswa a gwada karkatar da na otal ɗaya zuwa aji goma na wata uku. Gidajen rediyon BRC da Globe FM da Albarka a Bauchi, da Progress da Amana a Gombe, minti goma sha biyar ɗin nan bankuna da kamfanonin waya zasu iya ɗaukar nauyinsa in aka je musu da tsari a rubuce.

Ku ma Malam Edita ga naku, ɗan gurbi a shafin kasuwanci duk sati, a buga takarda ɗaya irin wadda ake turo ma 'yan kasuwa a yi bayaninta da Hausa layi bayan layi, a sa a shafinku na intanet yanda za'a iya turawa a waya. In kun amince ni da wasu abokan aikina zamu riƙa turo muku, na farkon ma akan FOB da CIF zai kasance.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Naku,
Wani malamin Turanci,
daga cikin garin Bauchi.